Daga Fijo zuwa jif: tarihin motar da muke zuwa gida da ita

Kafin jif ta cika layukan Sabo, an yi zamanin da malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi ke sayen mota sabuwa fil, da ledarta a kan kujeru. Yaran yanzu in ka faɗa musu haka sai su ɗauka tatsuniya ce, amma dattawanmu da ransu, a tambaye su. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, aka buɗe ta Volkswagen a Ikko. Daga baya aka samu na manyan motoci: Leyland a nan Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Kuɗin man fetur na shigowa, ƙarin albashin Udoji ya sa wa ma'aikata kuɗi a aljihu, gwamnati na ba da bashin mota. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Masu canjinmu na yau, waɗanda ke kwana su tashi da farashin dala a baki, su suka fi kowa sanin nisan wancan zamani da wannan.

Motar wancan lokaci ita ce Fijo 504. In aka duba da kyau, aikin da jif ke yi mana yanzu shi take yi: tana da tsawo daga ƙasa, tana jure rami, doguwarta kuma tana kwashe iyali da kayansu daga Badun ta bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, ta haye gadar Jabba ta nufi Arewa. Kowane gari ka tsaya akwai makaniken da ya san ta kamar yunwar cikinsa. A kanta ne da yawa suka fara sanin cewa haruffan da ke manne a bayan mota suna da ma'ana, cewa GR daban SR daban, mai SR ya fi biyan kuɗi kuma ya fi samun kayan ƙawa. Haruffan nan a lokacin gaskiya suke faɗa, don mai saye shi ne mutum na farko da ya zauna a kujerar.

Akwai wani abu da ya faru kafin nan wanda ba a cika haɗa shi da cinikin mota ba, alhali shi ya buɗe ƙofa. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama irin na maƙwabtanmu renon Faransa. Tun daga ranar motar da ta dace da titinmu ita ce mai sitiyari a hagu, wato irin ta Jamus da Faransa da Beljiyam da Amurka. Da mun ci gaba da tsarin Ingila, da yau tsofaffin motocin Japan da Ingila ne a hannunmu, kamar yadda suke a Kenya da Uganda.

Daga nan sai farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo SAP ta saki naira. Masana'antun nan da ma daga waje suke kawo yawancin sassan da suke harhaɗawa, don haka da naira ta karye sai farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin mai albashi. Wasu suka rufe, wasu suka riƙa ɗingishi. Fijo dai ta daure tana yin 504 har cikin shekarun 2000, amma gwamnati da manyan kamfanoni ne masu saye. Talaka da mai matsakaicin hali suka juya ga motar da Bature ya gama yayinta.

Maƙwabtanmu Yarbawa suka sa mata suna tokunbo, sunan da suke raɗa wa yaron da aka haifa a ƙetaren teku aka dawo da shi gida. Mu kuma da Inyamurai muka fi cewa Beljiyam. Ba wai a can ake ƙera su ba. A birnin Brasels akwai wata unguwa, Heyvaert, inda dillalai, da yawansu 'yan Labanan, ke tara tsofaffin motoci daga ko'ina a Turai, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Afirka ta Yamma. Sunan ya bi kaya har ya wuce mota: inji Beljiyam, firji Beljiyam, taya Beljiyam. Yau za ka ji mutum ya ce Highlander ɗinsa "dairek Beljiyam" ce, alhali a Indiyana ta Amurka aka ƙera ta, ba ta taɓa taka Turai ba.

Yawancin jiragen nan ba Apapa suke sauke kaya ba, Kwatano suke zuwa. Jamhuriyar Benin ta gane cewa kasuwarta ta gaskiya Najeriya ce, sai ta sassauta haraji ta sauƙaƙa fito. Mu kuma gwamnatocinmu suka yi ta taimaka mata ba da niyya ba. A farkon mulkin Obasanjo aka hana shigo da motar da ta wuce shekara 5, aka koma 8, aka koma 10, a 2010 aka mayar da shi 15. Duk lokacin da aka matse a Apapa sai Kwatano ta cika. An kai matsayin da motoci fiye da dubu 200 ke sauka can a shekara, a ƙasar da ba ta buƙatar ko kusa da haka. Wasu su biyo ta Seme da Idiroko. Wasu a rubuta a takarda cewa Nijar za su, a kora su arewa ta Malanbil da Gaya, su kai Ƙonni ko Maraɗi, sannan su gangaro ta Illela ko Jibiya. Samarinmu da yawa sun ci abinci a wannan hanya, wasu direbobi, wasu 'yan rakiya, wasu masu canjin sefa. Wasu kuma can suka bar rayukansu a gudun dare ba fitila.

Motocin farko na wannan zamani ƙanana ne: Golf, Passat, Opel, Marsandi 190 da 230, Honda da Toyota na Turai. Jif a lokacin ta manya ce. Sunan ma daga motar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu ya samo asali, muka ɗauke shi muka liƙa wa duk wata mota mai tudu. Land Rover, wadda aka fara yi a 1948, ita ce ta Di'o da ma'aikatan gona da na asibitin dabbobi. Land Cruiser da Pajero da Pathfinder kuwa sai gwamna, sai sarki, sai babban ɗan kwangila. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, bodi a ɗore kan shasi irin na babbar mota, ga shan mai.

Abin da ya sauko da jif zuwa inda hannunmu zai kai ya faru ne a Japan a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanoni suka lura cewa yawancin masu sayen jif ba daji suke shiga ba, tudun kawai suke so da faɗin ciki. Sai suka ɗauki ƙashin ƙaramar mota suka ɗaga shi. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta fito da CR-V a 1995 a kan ginin Civic, Lexus RX300 ta zo a 1998, Highlander kuma, wadda Camry ce aka yi wa tsawo, ta biyo baya a 2001. Amurkawa suka saye su da miliyoyi. Shekara takwas zuwa goma bayan nan suka fara sauka a Tin Can da Kwatano, daidai lokacin da hanyoyinmu suka lalace har mai ƙaramar mota ke jin tsoron Ilori zuwa Jabba da Mokwa. Ga wanda ke da gida biyu, ɗaya a Kurmi ɗaya a Kano ko Katsina ko Sakkwato, kuma dole ya kai iyali Sallah ko biki ko ta'aziyya a tafiyar da ta haura kilomita 800, wannan mota ba ado ba ce. Ga shi kuma injinta na Camry ne ko Accord, wanda duk makanike ya sani, kayanta kuma jibge a Ladipo da Agodi Get.

To, a nan ne maganar haruffa ta dawo, da wani salo. Tsarin jera motoci hawa-hawa tsohon abu ne a Amurka. Tun shekarun 1920 Alfred Sloan na kamfanin General Motors ya tsara cewa mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Chevrolet, in ya samu ya hau Buick, in ya ƙasaita ya kai Cadillac. Daga baya aka shigo da tsanin cikin mota guda: ta ƙasa, ta tsakiya, ta sama. Ta ƙasa don a tallata farashi mai sauƙi, ta sama don mai son a gan shi, ta tsakiya kuma ita ake so yawancin mutane su ɗauka.

Ɗauki RAV4 ta 2013 zuwa 2015. Hawa uku gare ta: LE, XLE da Limited. Inji ɗaya ne a cikinsu duka, mai fulogi huɗu, lita 2.5, giya ma iri ɗaya. LE tana zuwa da rim na ƙarfe da murfi da kujerun yadi. XLE ta ƙara rim na alminiyam, tagar rufi, fitilun hazo, da esi mai raba sanyin direba da na mai zaman gaba. Limited ta ƙara kujeru masu kamar fata, maɓallin tayar da mota ba makulli, da ƙofar but mai ɗaga kanta. CR-V ta 2007 zuwa 2011 ma haka: LX, EX, EX-L, inji ɗaya lita 2.4, bambancin tagar rufi ne da rim da fata. Wato abin da zai kai ka Funtuwa iri ɗaya ne a dukkansu. Abin da ya bambanta shi ne yawan wayoyi da ƙananan motoci na lantarki da ke ɓoye a ƙofofi da kujeru.

A ganina shi ya sa masu dogon tunani a cikinmu suka daɗe da tsayawa a ta tsakiya, ko da ba su karanta takardar kamfani ba. "Ful ofshan" tana da daɗin faɗa a majalisa, amma kayan da aka yi wa sanyin Kanada in suka shekara goma sannan suka haɗu da ƙurar hunturu da zafin bazara da ruwan Badun, su ne farkon mutuwa, kuma su ne masu tsadar gyara. Kujerar fata da ta sha rana a Gusau, wanda ya zauna a kai ya san labari. Ta ƙasa kuma in ka zo sayarwa sai dillali ya yi ta yatsina. Ta tsakiya tana da abin da ido ke so daidai gwargwado, tana kuma fita da wuri ranar da buƙata ta taso, don mu mota ajiya ce, kamar sa ko fili. Tagar rufin dai ita ce abin lura: in magudanan ruwanta suka toshe, a cikin mota damina za ta sauka.

Sai dai duk wannan lissafi yana aiki ne in haruffan gaskiya suke faɗa, kuma a nan ne zamaninmu ya rabu da zamanin Fijo. XLE ɗin da ke bayan mota an rubuta ta ne don mutumin farko da ya saye ta a Texas ko Ontariyo. Tsakaninsa da kai akwai hannu biyar ko shida, kuma mai kyau ba kasafai take barin ƙasarsu da araha ba. Kaso mai yawa na abin da ke zuwa mana daga gwanjon kamfanonin inshora yake fitowa, irin su Copart da IAA. Mota ta yi karo, inshora ta lissafa ta ga gyara a can ya kusa kuɗin motar, sai ta biya mai ita ta sa gawar a gwanjo. Ɗan Najeriya ya saya ta intanet, a loda ta a jirgi a yadda take, a gyara a Ikko inda aikin hannu ke da sauƙi. Wannan a kansa ba haram ba ne, kuma wata bugun ƙofa ne kawai ko bamba. Matsalar ita ce a gyara a ce maka "fas bodi", ba a taɓa fenti ba. Wata an ja shasinta da sarƙa an miƙe. Wata jakar iskar da ke fashewa ta kare direba ta riga ta fashe, an cusa tsumma an ɗinke, an kashe fitilar gargaɗin.

Mafi sharri ita ce wadda ta sha ruwa. Guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012, Harvey a Houston a 2017, kowacce ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, kuma bayan kowacce an ga jif masu sheƙi da arahar ban mamaki a kasuwannin Afirka ta Yamma. Motar ruwa ba ta da tabo. Sai bayan wata shida wayoyi su fara ruɓewa daga ciki, yau gilas ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canjawa, makanike ya yi ta canja kaya ba a gane kan ciwon ba. Ta jihohin ƙanƙara kuma gishirin da ake zubawa a titi ya cinye ƙarƙashinta. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo, Najeriya kuma tana sahun gaba a masu karɓa.

Mu ma a gida ba mu zauna haka ba. A Ladipo ana sayar da haruffan kansu: LE ta kwana ta tashi XLE da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Ana canja fitilu da bamba a mayar da ta 2010 ta yi kama da ta 2015, a kira shi "ofgired". Ana mayar da maleji baya da kwamfuta. Ba'amurke yakan yi mil dubu 10 zuwa 15 a shekara, to motar da ta shekara goma tana nuna mil dubu 40, sai a tambayi inda ta kwana duk shekarun nan. Ana kuma zare abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, don ƙarfen da ke cikinsa yana da tsada.

Abu ɗaya da ke da wuyar yi wa ƙarya shi ne lambar shasi. Tun 1981 duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da lamba mai harafi da alƙalami 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Na goma yana faɗin shekara: 9 ita ce 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Yaro mai waya zai iya sa lambar a intanet, da kuɗi kaɗan a fito da tarihin motar, sau da yawa har da hotunanta a filin gwanjo kafin a taɓa ta. Mai sayarwar da ya hana ka ɗaukar hoton lambar ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mu, jikokin mutanen da suka gina Sabo a kan amana, muke shiga wannan ciniki ido rufe. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, cinikin shanu da goro a kan mai gida yake tafiya. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa, mai gida ya sauke shi, dillalinsa ya nemo mahauci, a ba da bashi, in mahauci ya gudu mai gida ne zai biya, don sunansa shi ne jarinsa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari. Dillalin mota na Berger ko na bakin titi ba shi da wannan nauyi a wuyansa. La'adarsa a kan sayarwa take, ba a kan lafiyar mota ba, wani lokaci ma yana ci ta gaba yana ci ta baya. Ko ɗan unguwa ne ya raka ka, in ba a yi magana a fili ba cewa in ta fito da aibi shi zai tsaya, to rakiya kawai ya yi.

Sannan ga takarda, wadda a shekarun baya-bayan nan ta zama rabin motar. A 2013 gwamnatin Jonathan ta kawo sabon tsarin motoci da ya ɗaga harajin shigo da su don a farfaɗo da harhaɗawa a gida. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa gaba ɗaya, sai ta ruwa. A Maris na shekarar hukumar kwastam ƙarƙashin Kanar Hamid Ali ta ce duk mai motar da ba a biya wa fito ba ya zo ya biya, aka yi ta ce-ce-ku-ce da majalisar dattawa har aka dakatar. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. A 2022 kwastam ta fara ƙiyasta haraji da lambar shasi maimakon ciniki da ejan, masu fito suka yi yajin aiki a Tin Can. Duk wannan bai hana motar Kwatano shigowa ta daji ba, sai dai tana shigowa da takardar bogi ko wadda aka biya rabi. Wanda ke yawo tsakanin Mokola da Dugbe zai iya shekara biyar ba wanda ya tambaye shi. Mu masu doguwar hanya ba mu da wannan gata. A tare mutum a shingen kwastam da mata da yara a mota, ana gobe Sallah, a ce takarda ba ta cikin kwamfuta, wannan ya faru da mutane da yawa. Lambar C da ke kan takardar fito ana iya kai ta ofishin kwastam a tantance kafin a biya kuɗin mota, ba bayan an biya ba.

Babi na ƙarshe kowa ya gan shi da idonsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu kafin ƙarshen 2024. A Yuni 2023 aka saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024, harajin kwastam kuma da farashin dala ake lissafa shi. Tokunbo ta koma inda sabuwar Fijo ta koma a 1986. Masu fulogi shida, Highlander da RX da Pilot, waɗanda a da su ne abin alfahari, suka fara kwana a gida ana fita da babur. Kasuwa ta juya ga ta hannu, wadda ɗan Najeriya ya riga ya hau shekara huɗu ko biyar, ga kuma mai fulogi huɗu. A nan tarihin Amurka bai isa ba, sai an ƙara da na gida: wane mai aka riƙa zuba mata, an taɓa buɗe inji ko ba a taɓa ba, an cire abin daidaita zafin inji an haɗa fanka kai tsaye kamar yadda makanikanmu suka saba ko tana yadda take. RAV4 mai inji 2.4 ta 2006 zuwa 2008, misali, an san ta da shan baƙin mai tun a Amurka, har kamfanin ya tsawaita garantin gyaranta a can, garantin da bai ƙetaro teku ba. Waɗannan su ne yanzu ke canja hannu a unguwa a matsayin jif ta mai ƙaramin ƙarfi, wasu a hannu na uku tun saukarsu Tin Can.